Azara a Cikin Kwamfuta: Labarin Wata Malamar Zanen Gine-gine

Ni malamar jami'a ce. Zanen gine-gine nake koyarwa, kuma binciken da na ƙare a kansa shi ne yadda ake tsara gini da kwamfuta. Duk wanda ya ji haka yakan ɗauka dogayen benaye masu gilashi irin na Dubai nake zanawa. To a gaskiya mafi yawan abin da ke cikin laftof ɗina ginin ƙasa ne: soraye, zauruka, shigifa, masallatan unguwa, da ɗakunan tsofaffin matan da jikokinsu ke jiran a raba gado su rushe su sa bulo. Ɗalibaina mata sun daɗe suna roƙona in rubuta yadda aka yi na biyo wannan hanya, don wasunsu na ganin kamar ba a yi ta domin irinmu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

A cikin birnin Zariya aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin manyan riguna ne, aska takwas da aska biyu, yana zaune a zaure da allura daga hantsi har la'asar. Yayan mahaifiyata kuwa magini ne. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “Uwata”. Da zarar an gama kaka ruwa ya ɗauke, aikinsu ya tashi. A haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Yarinya ba ta hawa katanga, wannan kowa ya sani, amma ba wanda ya hana ta kai abinci wurin aiki. Ni ce mai kai wa Kawu fura, kuma ba na dawowa da wuri. Ina tsaye ina kallon yadda na ƙasa ke jefa tubali sama, na kan katanga ya cafe ba tare da ya duba ba, ya dasa shi gindi a ƙasa tsini a sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A lokacin ban san ilimi nake kallo ba. A wurina aikin Kawu ne kawai, kamar yadda ɗinki yake aikin Baba.

Da na gama sakandare Baba likita ya so in zama, ko malamar makaranta. Da na ce zanen gine-gine nake so, gida ya ɗauki surutu. Wata gwaggona ta ce, “Mace da gini? Wa zai auri mai yawo cikin leburori?” Kawu ne ya kashe maganar. Ya ce wa Baba, “Malam, ka bar ta. Mu da muke yi da hannu ƙarewa muke yi. In ba a samu na gida a cikin masu yi da takarda ba, wa zai faɗi yadda muka yi?” Baba bai ce komai ba, washegari dai ya ba ni kuɗin fom.

A farkon shekarun 1990 na shiga sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Shi ne mafi daɗewa a Najeriya: a Ibadan aka fara shi a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. Karatun shekara huɗu ne na digirin farko, sai biyu na digiri na biyu, kuma rabin rayuwar ɗalibi a situdiyo take ƙarewa. Kowa da teburinsa mai faɗi, da dogon ma'aunin nan mai kama da harafin T, da alƙaluman tawada na Rotring waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa bakinsa ya lanƙwashe sai ka ji kamar ka yi kuka, don kuɗinsa ya kai na abincin mako. A kan takarda mai shara-shara muke zane. In layi ya karkace sai a sa reza a kankare a hankali, in aka matsa takardar ta huje, aikin dare uku ya tafi. Mu mata ba mu da yawa, kuma kwana a situdiyo da maza ke yi bai yiwu gare mu ba, sai mu kwashi aikin mu kai ɗakin kwana mu shimfiɗa a ƙasa. Ranar juri kuwa, ranar da za ka manna zanenka a bango malamai su zauna su yi masa filla-filla, wannan ba wanda ya bi ta sashen da zai manta da ita.

Mun karanci manyan masu zanen gini na Turai irin su Le Corbusier da Mies van der Rohe, mun karanci Maxwell Fry da Jane Drew da suka zana Jami'ar Ibadan. Amma darasin da ya tsaya mini shi ne wanda aka tura mu cikin gari da tef da littafi mu auno tsofaffin gine-gine. A nan na shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da idon ɗaliba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage da sabon gini na siminti, don haka daga waje ba za ka san abin da ke ciki ba. Kana shiga sai ka tarar da ginshiƙai masu kauri, bakan gizo, wato lanƙwasassun ƙafafun da ke ɗauke da rufi, na tashi daga jikinsu suna haɗuwa a sama, azara a jere tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Na tsaya ina tambayar kaina: mutumin da bai riƙe fensir ba, ta yaya ya san inda kowace ƙafa za ta sauka? Wannan tambaya ce ta ci mini shekaru fiye da ashirin.

Kwamfuta kuwa sai da na fita na same ta sosai. Lokacin hidimar ƙasa aka tura ni wani ofishin akitek a Kaduna, suna da kwamfuta guda ɗaya mai manhajar zane ta AutoCAD, kuma mutum ɗaya ne ke taɓa ta. Bayan an tashi aiki nake roƙonsa ya bar ni in zauna. Baƙin allo ne da layuka masu launi, kana rubuta umarni a ƙasa. Ranar da na ga an goge bango an mayar da shi wani wuri ba reza ba tawada, na ce shi ke nan, teburi ya mutu. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne umarnin da aka fi amfani da shi a wannan ofis, da ma kowane ofis, shi ne na kwafi. Gidan da aka zana wa wani ɗan kasuwa a Kaduna shi za a buɗe a canza suna a kai Sakkwato, a kai Fatakwal, duk da cewa rana da ruwa da al'adar waɗannan garuruwa ba su haɗa komai ba.

Na yi aure, na ci jarrabawar ƙwararru, hukumar ARCON mai rajistar masu zanen gine-gine ta yi mini rajista, sannan a farkon shekarun 2000 wata jami'a a Arewa ta ɗauke ni ƙaramar malama. Da yake ni ce ƙarama kuma an ji na iya kwamfuta, sai aka miƙo mini darasin zane da kwamfuta, wanda ba mai so. Ɗakin kwamfutar na da injuna kaɗan, ɗalibai sun ninka su sau da yawa, mutum huɗu ko biyar a kan kujera ɗaya. In an ɗauke wuta sai in koma allo da alli ina zana musu yadda fuskar manhajar take, ina cewa a nan za ku danna. Akwai waɗanda suka ci jarrabawar AutoCAD a hannuna ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta na minti talatin a jere ba. Ba abin alfahari ba ne, haka dai zamanin yake.

A ɗakin malamai kuma muhawara ce kullum. Manyanmu na cewa kwamfuta za ta kashe hannun yara, wanda bai iya zane da fensir ba bai iya tunani ba. Mu matasa muna cewa duniya ta wuce nan. Yau da na kai shekarunsu ina ganin kowannenmu ya riƙe rabin gaskiya, amma dukanmu mun bar ainihin matsalar. Ba hannu kwamfuta ta kashe ba. Zaɓi ta rage.

Ga abin da nake nufi. Da aka shiga zamanin manhajojin Revit da ArchiCAD, wato tsarin da ake kira BIM, ɗalibi ya daina jan layi biyu ya ce bango ne. Yanzu bango yake ɗaukowa daga rumbun manhajar, bango mai kauri da nauyi da farashi, ya ɗauko ƙofa, ya ɗauko taga, manhajar ta lissafa masa yawan kayan da za a saya. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai wa ya cika rumbun? Kamfanonin Amurka da Turai, da kayan da ake sayarwa a kasuwanninsu. Akwai bangon katako mai audugar hana sanyi, akwai bangon gilashi iri-iri, akwai murhun ɗumama ɗaki. Babu tubali. Babu azara. Babu bangon da ke da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa, wanda shi ne bangon duk wani gidan ƙasa a ƙasar Hausa. Babu indararo, babu zanko, babu rawanin da ke kewaye saman soro. Yaron da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada, yana da mako biyu ya miƙa aiki, ba zai tsaya ƙera azara daga farko ba, abin da ya tarar zai ɗauka. Shekara bayan shekara ina zaune a juri ina kallon asibitoci da makarantu da aka ce za a gina a Gusau ko Azare, gilashi daga sama har ƙasa ta fuskar yamma, a garuruwan da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. In na tambaya me ya sa, sai a ce, “Malama, ya fi kyau a hoto.” Kuma gaskiya ne, ya fi kyau a hoto.

Da wannan damuwa na tafi karatun digiri na uku. Bayan an kafa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011 malamai da yawa sun samu tallafin fita waje, ni ma rabona ya zo, na tafi Jami'ar Fasaha ta Maleshiya da ke Skudai a jihar Johor. Na bar yara wurin mahaifinsu da mahaifiyata, na tafi da ƙaramar kaɗai. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk uwar da ta yi karatu da goyo ta san sauran. Allah ya saka wa maigidana da alheri, don mutane sun yi ta zuga shi, bai saurara ba.

Abu biyu na samu a can. Na farko, wata cibiya da suke kira KALAM, inda suka tara awon tsofaffin gidajen Malayu da masallatansu, aikin da ɗalibansu ke fita su yi shekara da shekaru. Na tuna mu ma an yi mana irin wannan: Zbigniew Dmochowski, akitek ɗan ƙasar Folan, ya zagaye Najeriya da matasa yana auna gine-ginen gargajiya, kuma daga aikinsa aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano. Bambancin shi ne su sun ci gaba, mu kuwa aikin ya fi zama a kan kanta.

Na biyu shi ne Grasshopper, wata manhaja da ke aiki a cikin manhajar zane ta Rhino, wadda David Rutten ya fitar a 2007. A cikinta ba siffar gini kake zanawa ba, ƙa'idar da ke haifar da siffar kake rubutawa. Ka ce tsayi ya zama kaza bisa faɗi, in faɗi ya wuce kaza a ƙara ginshiƙi. Kana jan ma'auni ɗaya sai ginin gaba ɗaya ya gyara kansa. Yawancin abokan karatuna lanƙwasassun benaye suke yi da ita irin na shahararriyar akitek Zaha Hadid. Ni kuwa ranar da na gane yadda take aiki, Kawu na tuna. Bai taɓa zana soro ba. Abin da ke kansa ƙa'idoji ne: in ɗaki ya kai kamu kaza, azara ɗaya ba za ta haye ba, sai a yi kaza. Na faɗa wa malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai haƙuri. Ya ce to je ki rubuto ƙa'idojin, in sun tsaya a kwamfuta kin samu digiri. Ya kuma nuna mini aikin wani akitek, Mark Burry, wanda ya shafe shekaru yana amfani da manhajojin ƙera jiragen sama don gano lissafin da Gaudí ya bi da ya zana cocin Sagrada Família ta Basalona. Ashe tambayata ba ta ƙauyanci ba ce kamar yadda na ji tsoro.

Na dawo gida aikin fili. Kawu ya tsufa, ya daina hawa, amma kansa garau. Shi ya kai ni wurin abokan sana'arsa a Zariya, su kuma suka haɗa ni da na Kano da Katsina. Wurin wani sarkin magina sai da na yi zuwa da yawa kafin ya sake da ni. Ranar farko na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, koyo na zo.” Ya ce, “Hajiya, ku da kuka yi boko me za ku koya wurin mai taɓo?” Sai da Kawu ya ce masa, “Uwata ce, jininmu ce,” sannan ya sa aka kawo tabarma.

Abin da suka koya mini ya fi ƙarfin wannan rubutu, amma ga kaɗan. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son namiji don ya fi tauri, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Ita kaɗai ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Duk fasahar rufin Hausa daga wannan iyaka ta fito: yaya za a rufe babban ɗaki da gajeren itace? Sai a fito da azara daga bango hawa-hawa don a rage tazarar, ko a gicciya ta a kusurwa, ko a tayar da bakan gizo. Shi kuma bakan gizo, ko da ya yi kama da bakan dutse na Rumawa, aikinsa daban ne. Azara ake dasawa a cikin bango tana leƙowa, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa tana karkata, a lulluɓe da ƙasa, a haka a haka har ƙafar wannan bango ta sadu da ta wancan a tsakiya. Ƙasa ce mai ƙashin itace a ciki. In ƙafafu huɗu suka haɗu a tsakiyar ɗaki, ga ɗaurin guga. Awo kuma da jiki ake yi, kamu da taƙi da gaba, don haka soron dogon magini da na gajere ba sa zama daidai, amma kowanne daidai yake da kansa.

Na zauna na mayar da wannan duka cikin Grasshopper. Ka ba ta faɗin ɗaki da tsawon azarar da kake da ita, ta fitar maka da yawan ƙafafu, da hawa nawa kowace ƙafa za ta yi, da kaurin bango a gindi. Na gwada da ɗakunan da na auna, siffar da take fitarwa na kusantar abin da ke tsaye. Na ɗauki laftof na kai wa Kawu, ina jan ma'auni bakan gizo na buɗewa yana tsukewa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna hawa na biyu da yatsa ya ce, “Uwata, wannan kwana nawa ya sha iska kafin ki ɗora na samansa?” Manhajar ba ta da wurin wannan tambaya. A wurinsa gini ba siffa ba ce kawai, jeri ne na jira: wannan ya bushe, a ɗora wancan, kuma jiran hunturu daban da na bazara. Babin da masu jarrabawa suka fi yabawa a kundina daga wannan tambaya ya fito, don sai da na sa lokaci da yanayi a cikin ƙa'idojin. Kawu ya rasu kafin in kare kundin. Allah ya gafarta masa.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu waƙar ginin ƙasa ido rufe. Na kwana a ɗakin da ke yoyo a watan Agusta, na san fargabar da uwa ke ciki in aka kwana ana ruwa. Duk shekara sai an yi yaɓe, kuma masu yin sun yi ƙaranci. Giginya ta ja baya, azara mai kyau ta yi tsada. Ga maganar mutunci: saurayin da ya gina ɗakin ƙasa, dangin amarya za su ce bai shirya ba. Wanda ya rushe ya sa bulo da kwano ba wawa ba ne, lissafi ya yi. Abin da nake cewa shi ne lissafin bai cika ba. Mun sa ƙananan na'urorin auna zafi a ɗakin soro da ɗakin bulo mai kwano a unguwa ɗaya, muka kuma kwaikwayi ɗakunan biyu a EnergyPlus, manhajar lissafin zafin gini. Abin da kowace tsohuwa ta sani shi ya fito: bango mai kauri na riƙe zafin rana sa'o'i da dama kafin ya shigo, don haka da azahar ɗakin soro ya fi sanyi nesa ba kusa ba, da dare kuma yakan saki zafin, shi ya sa ake kwana a tsakar gida da bazara. Amfanin kwamfuta a nan shi ne ta mayar da sanin tsohuwa lambobin da injiniya da jami'in ba da izinin gini za su karɓa. Ga kuma siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, farashinsa kuma kowa na ji a jikinsa.

Misalan da nake nuna wa ɗalibai ba daga nesa suke ba. Masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, can ma a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Ita Mariam ɗin ma kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini, abin da nake yawan faɗa wa 'yan matan ajina. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. In na nuna waɗannan, ajin kan yi tsit, don da yawansu ba su taɓa jin an ba ginin ƙasa kyauta ba.

Bayan na dawo na ƙara wani abu a darasina, wato awo da hoto. Ka zagaya gini da wayar hannu kana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, ta haɗa su ta fitar da siffar ginin da duk lanƙwasarsa. Ga ginin ƙasa wannan babbar ni'ima ce, domin ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya, tef kuwa ƙarya yake yi masa. A nan ne kuma zama mace ya zama riba. Yawancin awon da aka yi a baya ya tsaya a zaure da soron baƙi da fuskar gida, saboda maza ne masu awon, kuma “ba shiga” ta tsayar da su. Ni da ɗalibaina mata muna yin sallama mu wuce har ƙuryar ɗaki. Mun ɗauki madafa, da rumbu, da ɗakin amarya mai jeren kwalla, da yadda ake raba tsakar gida tsakanin kishiyoyi ba tare da an ja katanga ba. Sharaɗinmu shi ne ba fuskar kowa, ba sunan gida, kuma sai matan gidan da maigidan sun yarda.

Nakan ba ɗalibaina labarai biyu a jere. Da cocin Notre-Dame ta Faris ta kama wuta a watan Afrilun 2019, awon da marigayi Andrew Tallon ya yi mata da na'urar leza na cikin abin da ya taimaka wa masu gyara. Da aka rushe hubbaren waliyyan Tumbutu a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su, da sanin da suka gada. Fayil na ajiye siffa, amma sai da mai hannu ake mayar da ita gini. Shi ya sa a duk zango nake gayyato magini ya zo situdiyo, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami, ya zauna a juri. Na sha faɗa kafin a yarda da wannan, don takardar biyan kuɗi na tambayar digirin baƙo.

Sauran rayuwar jami'a kuwa kowa ya san ta. Ƙarin girma sai da maƙaloli, manyan mujallu na neman kuɗin bugawa da dala, albashi na naira. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ɗalibai suka watse, wasu ba su dawo ba. Abokan aikina da dama da muka yi karatu tare suna Saudiyya ko Ingila yanzu, ban ga laifinsu ba, ni ma an yi mini tayi. Abin da ya riƙe ni ba jarumta ba ce: kayan bincikena a nan suke, kuma duk damina raguwa suke yi. Kamfanin Autodesk, mai AutoCAD da Revit, na ba ɗalibai lasisi kyauta, amma laftof ɗin da zai ɗauki Revit ya fi ƙarfin yawancin iyaye, don haka har yau aikin rukuni muke yi, inji ɗaya mutum uku. Sola da muka samu a ɗakin kwamfuta ta canza mana rayuwa fiye da kowace sabuwar manhaja.

Tun daga 2022 kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibi ya rubuta jimla biyu a Midjourney, manhajar ƙirƙirar hoto, ta ba shi hoton “gidan Hausa na zamani” mai zankwaye da dagi, kyakkyawa kamar a lasa. In ka duba da kyau sai ka ga bakan Maroko ne, zankwayen an dasa su inda ba su da aiki, ruwan rufin kuma ba shi da ta inda zai sauka. Ban hana su amfani da ita ba, hanawa ɓata baki ne. Sharaɗi ɗaya na sa: duk hoton da ka kawo, ka yanka shi ka nuna mini cikinsa, ka faɗi abin da ke ɗauke da rufin, da inda indararo zai zubar, da wanda zai gina shi a garinku da kuɗin da mai gidan ke da shi. Yawanci a nan hoton ke watsewa, daga nan kuma darasin ke farawa.

Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne cika rumbun nan da na ce babu kayanmu a ciki. Ni da ɗaliban digiri na biyu muna ƙera bangon tubali mai sirancewa, da rufin azara iri-iri, da bakan gizo mai bin faɗin ɗaki, da indararo, kowanne da nauyinsa da yadda yake riƙe zafi, don duk mai Revit ya sauke kyauta ya sa a zanensa. Wata ɗalibata ta digiri na uku tana gwajin makuba da laso, kayan shafen bango na gargajiya, a ɗakin gwaje-gwaje, tana auna yadda kowanne ke hana ruwa shiga. Makuba ba ta ba ta wahala ba, ɓawon ɗorawa na nan. Laso ne ya tsaya mata, don sai da katsi daga karofi, da gashin jima, da dafara, kuma marinar da ke aiki ta ragu ƙwarai, sai da ta je Ƙofar Mata a Kano ta yi magana da marina su riƙa tara mata. In sakamakon ya yi kyau, bayan damina za mu gina aji guda a bayan sashenmu, bangon ƙasa a kan harsashin dutse, rufin bakan gizo da aka lissafa a kwamfuta. Magina biyu daga Zariya sun amsa za su zo, ɗaliban aji uku ne leburori, mata da maza, kuma an riga an yi cinikin azara.